Da gaske gwamnati na karanta abin da muke rubutawa a WhatsApp?

"Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ina da ɗan shagon kwamfuta a Bauchi Road nan Jos, muna buga takardu da fotokwafi da cike wa ɗalibai fom, kuma ni ne admin na guruf ɗin unguwarmu, mun kusa mutum ɗari uku. Kwanan nan wani saƙo yake ta yawo wai daga yanzu gwamnati na naɗar duk kiran waya tana karanta duk abin da aka rubuta a WhatsApp, wai in ka ga tik guda uku to sun gani. Wasu kuma sun ce ƙarya ne saboda akwai enkirifshin. Dan Allah mene ne gaskiyar magana? Kuma ni da ba ɗan siyasa ba, ba mai laifi ba, akwai abin da ya kamata ya dame ni? Kwamfutocin shagona ma cike suke da takardun mutane."

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. In na fahimce ka da kyau abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya, shin ana iya karanta abin da ka rubuta, shin hukuma na da hanyar bibiyar mutum irinka, sannan kai da kwamfutocin shagonka me ya rage ku yi. Bari na fara da mai sauƙin. Wannan saƙon na tik uku ƙarya ne, ya daɗe yana yawo, na gan shi da Turanci na gan shi da Hausa, ƙasa zuwa ƙasa sunan gwamnatin kawai ake canzawa. Tik ɗaya na nufin saƙo ya bar wayarka ya isa wajen kamfanin, biyu ya shiga wayar wancan, in suka koma shuɗi ya buɗe, shi kenan babu na uku. Amma kar wannan ya sa ka saki jiki ka ce ashe babu komai, akwai komai, kawai dai ba ta ƙofar da mutane ke tsoro ake shigowa ba.

Shi enkirifshin ɗin mene ne

Ka tuna zaurance da muke yi muna yara, a cusa wani harafi a tsakanin kowace gaɓa don kar babba ya gane abin da ake faɗa? To asalin abin kenan, a juya magana yadda wanda bai san ƙa'idar ba zai ji hayaniya kawai. Matsalar zaurance ita ce duk wanda ya zauna ya saurara na ɗan lokaci zai kama bakin zaren, kuma wannan ba sabon abu ba ne, tun ƙarni na 9 Al-Kindi a Bagadaza ya nuna cewa in ka ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa a ɓoyayyen rubutu za ka iya warware shi. Na yanzu kuwa lissafi ne tsagwaronsa. Makullin da ake amfani da shi lamba ce mai tsawon gaske, yawan makullan da mutum zai gwada kafin ya dace da na gaskiya lamba ce mai alƙaluma 78, in ka tara duk kwamfutocin duniya suka yi ta gwaji ba dare ba rana ba za su gama ba.

Abin da ya canza komai a 1976 ya faru, lokacin da wasu masana biyu a Amurka, Diffie da Hellman, suka fito da hanyar da mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su iya yin sirri a gaban jama'a. Yadda nake yi wa ɗalibaina bayani shi ne, ka ɗauka kana da kwaɗo dubu a buɗe, ka raba wa kowa a kasuwar Terminus, amma makullin guda ɗaya ne kuma yana aljihunka. Duk mai son aiko maka da saƙo sai ya sa a akwati ya danna kwaɗonka, daga nan shi kansa ba zai iya buɗewa ba, balle direban motar da ya ɗauko akwatin. WhatsApp shi ne direban. Tun watan Afrilun 2016 suka kammala sa wannan tsarin a duk saƙonni da kira da hotuna har da na guruf, kuma fasahar ta mutanen Signal ce, wata manhajar aika saƙo, suka ɗauko, wadda masana da yawa sun bincike ta ciki da waje. Makullin yana cikin wayarka ne, ba ya wajen kamfanin, ba ya wajen masu layin da kake amfani da shi, kuma kusan kowane saƙo da nasa sabon makullin.

Saboda haka in tambayar ita ce wani na zaune a ofis a Abuja saƙonnin mutanen Jos na wucewa ta gabansa yana karantawa ɗaya bayan ɗaya, amsar ita ce a'a. A kan hanya saƙon a kulle yake, kuma kwaɗon mai kyau ne.

Abin da kwaɗon bai rufe ba

Na farko, kiran waya na kati da tes. Waɗannan ba su da irin wancan kullin, ɗan abin da ke akwai tsakanin wayarka da ƙarfen sabis ne kawai, da ya shiga cikin kamfanin a buɗe yake. Telegram ma da mutane da yawa ke ɗauka ya fi sirri, hirar yau da kullum da guruf-guruf ɗinsa ba a kulle suke daga kai zuwa wancan ba, suna ajiye ne a wajen kamfanin, sai in ka buɗe hirar sirri ta musamman tsakaninka da mutum ɗaya. Imel ɗinka ma haka, a kulle yake a hanya amma kamfanin da ke riƙe da shi yana iya gani.

Na biyu kuma shi ne wanda ya fi damuna, ni sawu nake ce masa, masana na ce masa metadata. Akwatin a kulle yake amma a bayansa an rubuta wa ya aiko, wa za a kai wa, ƙarfe nawa, daga ina. Wayarka ko ba ka taɓa ta ba tana gaisawa da ƙarfen sabis mafi kusa da ita, don haka kamfanin layi ya san da asuba kana Angwan Rogo, da hantsi kana Bauchi Road, ranar Asabar ka je Bukuru ka kwana biyu, ya san lambar da ka fi kira da wadda kake kira bayan sha biyun dare. Ba sai an ji muryarka ba. In aka ga mutum ya kira lambar asibiti sau biyar a sati ɗaya, sannan ya kira yayansa suka yi awa guda, sannan ya kira dillalin filaye, ai an gama sanin halin da gidan ke ciki. Wani tsohon shugaban hukumar leƙen asirin Amurka, Michael Hayden, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa suna kashe mutane bisa irin waɗannan bayanan. Kuma abin da Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA aiki, ya fara fallasawa a 2013 ma shi ne hukumar na tattara bayanan kiran miliyoyin Amurkawa waɗanda ba a zarginsu da komai.

Mu a nan kuma tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar NIN, kaga kenan sawun nan yanzu da sunanka da hotonka da zanen yatsanka yake tafiya. Dokar laifukan intanet ta 2015 a sashe na 38 ta ce kamfanoni su ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar sadarwarsu har shekara 2, kuma su miƙa wa jami'an tsaro in an nema. A 2019 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta fitar da ƙa'idojin sauraren sadarwa, ta ce dole kamfanoni su girka na'urar da za ta ba da damar saurare, bisa ƙa'ida sai da takardar izini daga alƙali, amma an bar ƙofar gaggawa da za a iya fara saurare sannan a nemo izinin cikin awa 48. Duk wannan yana zaune ne kusa da sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin sirrin gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, sai dai sashe na 45 ya ba da damar taƙaita haƙƙin saboda tsaro. Ni ba lauya ba ne, fassarar waɗannan sassan aikinsu ne, ni dai abin da nake gaya maka shi ne ta fuskar na'ura hanyar a shimfiɗe take.

Maganar kayan aiki kuwa ba jita-jita ba ce. A 2013 jaridar Premium Times ta ba da rahoton kwangilar dala miliyan 40 da gwamnatin lokacin ta ba wani kamfanin Isra'ila, Elbit, don sa ido a intanet. A Disambar 2020 masu bincike na Citizen Lab a jami'ar Toronto sun lissafa Najeriya cikin ƙasashe 25 da suka gano alamun na'urar kamfanin Circles, wadda ke bi ta wani tsohon tsarin da kamfanonin waya ke magana da juna da shi, ana ce masa SS7, da lambar mutum kawai ana iya sanin inda yake a kuma tare kiransa da tes ɗinsa. A ƙarin kasafin kuɗin 2021 kuma an ware wa hukumar leƙen asiri ta ƙasa NIA kusan naira biliyan 4.8 don bibiyar WhatsApp da wayoyin tauraron ɗan'adam na Thuraya. Lokacin da labarin nan ya fito mutane da yawa sun kira ni suna cewa to ai shi kenan an fasa WhatsApp. A fahimtata ba haka ba ne, kuɗi ba ya fasa wancan lissafin, irin waɗannan kayan ko dai su bi sawu ko su shiga cikin wayar mutum kai tsaye su karanta saƙon bayan wayar ta buɗe shi da kanta. Haka Pegasus, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO, yake aiki, wanda WhatsApp ya kai ƙara a 2019 saboda an bi ta wata kafa a tsarin kiransa an kai wa mutum kusan 1,400 hari, wasu ko ɗaga kiran ba su yi ba. Amma wannan makami ne mai tsadar miliyoyin daloli, 'yan jarida da 'yan adawa da masu fafutuka ake nema da shi, mutum ɗaya-ɗaya.

Inda asirin mutanenmu yake fita a zahiri

Nan ne nake so ka tsaya, don shekarun da na yi ina wannan aikin ban taɓa ganin wanda aka fasa masa enkirifshin ba, amma waɗanda asirinsu ya tonu kam ba zan iya ƙirga su ba, kuma kusan kullum da ɗan gari ake cin gari.

Wani bawan Allah ya taɓa zuwa wajena hankalinsa a tashe, ɗan kasuwa ne, ya ce duk farashin da ya yi magana da masu kawo masa kaya sai ya ji shi a bakin abokin hamayyarsa, ya riga ya yanke cewa jami'an tsaro ne ke bin sa ana sayar da bayanansa. Har ya sayi sabuwar waya ya mayar da layinsa, daga baya abin ya dawo. Na karɓi wayar na shiga WhatsApp, na danna ɗigo ukun nan na sama na shiga inda aka rubuta Linked devices, sai ga kwamfuta ɗaya a jere, an yi amfani da ita da safiyar ranar. Na juya masa fuskar wayar na ce Alhaji wace kwamfuta ce wannan? Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya tuna ya je wani shago buga takardar kaya, yaron shagon ya ce ya kawo wayar a haɗa ta da kwamfuta don a ciro takardar, aka buga aka ba shi ya tafi, ba wanda ya cire. Duk wanda ya zauna a gaban kwamfutar nan yana ganin hirarsa har da ta iyalinsa. Dannawa ɗaya muka yi abin ya mutu. Na kawo maka wannan ne musamman don irin shagonka ne, kuma na san yawanci ba da mugun nufi ake yi ba, sauri ne da layin kwastoma, amma dan Allah ka sa wa yaranka doka, duk wanda aka haɗa wayarsa a cire a gabansa kafin ya tashi, ko ma a daina haɗawar gaba ɗaya ya turo takardar ta lambar shago.

Sai guruf. Mutum ɗari uku kuke, kaga kenan akwatin yana da makulli ɗari uku. Enkirifshin yana kai saƙonka lafiya zuwa wayoyi ɗari uku, daga nan aikinsa ya ƙare, kowanne daga cikinsu na iya ɗaukar sikirinshot ya tura inda ya ga dama, kuma kai kanka na tabbata akwai lambobin da ba za ka iya cewa ga masu su ba. Galibin waɗanda ka ji an kama saboda rubutun WhatsApp ko Facebook ta nan ne, ko dai a fili suka rubuta ko wani na ciki ya fitar. In wani ya kai ƙarar saƙo ga WhatsApp ma, saƙonni biyar na ƙarshe na wanda aka kai ƙarar suna tafiya wajen kamfanin a buɗe. Ni ƙa'idata ita ce duk guruf ɗin da ya wuce mutanen da zan iya zama da su a tabarma ɗaya to dandali ne, abin da ba zan faɗa a bakin masallaci ba ba na rubuta shi a can. Kuma mu mutanen Jos mun san abin da saƙo ɗaya na ƙarya ke iya jawowa in gari ya ɗauki zafi, wanda ya ga kwanakin dokar hana fita na Agustan 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba, don haka a matsayinka na admin tace jita-jita ma kare mutanenka ne.

Akwai kuma bakof. Mutane da yawa hirarsu na hawa Google Drive ko iCloud kowane dare, kuma wannan kwafin ba ya cikin wancan kullin sai in kai ka kunna, tun Oktoban 2021 aka kawo damar kulle shi da kalmar sirri amma a kashe take zuwa. Sai masu GB WhatsApp da ire-irensa, wallahi wannan yana ci min rai, saboda son ganin saƙon da aka goge da ɓoye cewa kana onlayin mutum zai sauke manhajar da bai san wanda ya haɗa ta ba ya miƙa mata duk hirarsa da hotunansa. Kwaɗon na iya zama mai kyau amma ka ba baƙo ɗakin. Sannan 'yan damfarar nan masu kira su ce za a yi mitin na ƙungiya an turo maka lamba shida ka karanto musu, wannan lambar ita ce makullin asusunka, da ka faɗa sun ɗauke, sai su bi 'yan'uwanka suna roƙon kuɗi da sunanka. Maganinsa minti biyu ne, ka shiga saitin ka kunna Two-step verification, wato lambar mataki na biyu, ka sa lambar da kai kaɗai ka sani.

Na ƙarshe shi ne wayar kanta a hannun wani. Ka lura ko a Janairun 2019 da sojoji suka shiga ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri, kwamfutoci suka kwashe, don abin da ke cikin na'ura ya fi sauƙin samu a kan abin da ke kan hanya. Wayoyin yanzu yawancinsu a kulle suke ta ciki, amma ƙarfin kullin daidai yake da ƙarfin lambar da ka sa, lamba huɗu gwaji dubu goma ne kawai, shida kuma miliyan ɗaya, wanda ya sa shekarar haihuwarsa ko ya zana harafin L a fuskar waya kuwa kusan a buɗe ya bar ta. In za ka kai gyara a Ahmadu Bello Way, matsalar fuska ce ko wajen caji, babu dalilin ba da lambar buɗewa, ka tsaya a gyara a gabanka ka gwada da hannunka.

Kwamfutocin shagonka

Wata malamar makaranta ta taɓa kawo min laftof ɗinta ta ƙi tashi, tana ta ba ni haƙuri wai ta manta ba ta rubuto min fasuwod ba. Na kwance sukurori huɗu na zaro hadis ɗin, wato hard disk inda kwamfuta ke ajiye komai, na sa shi a ɗan akwatin da muke amfani da shi na jona da tawa kwamfutar, cikin minti biyar ga fayil-fayil ɗinta a jere, sakamakon ɗalibai, takardun banki, hotunan biki. Ta riƙe baki ta ce to fasuwod ɗin fa? Na ce Hajiya wancan ƙofar zaure kawai ya rufe, ni kuma ta katanga na shigo. Wannan shi ne abin da yawancin masu kwamfuta ba su sani ba, fasuwod ɗin Windows shi kaɗai ba ya juya abin da ke cikin hadis, duk wanda ya sace kwamfutar ko ya ƙwace ta ya samu komai. Abin da ke kulle hadis ɗin kansa shi ne BitLocker da ke zuwa cikin Windows na Pro, ko FileVault ga masu Mac, ko VeraCrypt wanda kyauta ne. Gargaɗi ɗaya dai, in ka kunna zai ba ka wata doguwar lambar ceto, ka rubuta ta a takarda ka ajiye a gida inda kake ajiye takardun fili, don in ta ɓata kuma fasuwod ya ɓace maka, ni ma ba abin da zan iya yi maka, na ga wanda ya rasa aikin shekara uku a haka.

Amma kafin ma kulle, ka rage abin da kake ajiyewa. Na san yadda kwamfutar shago take, fuskar cike da silif ɗin NIN, fasfo, sakamakon WAEC da JAMB, takardar haihuwa, bayanan asusun banki, wasu tun shekara huɗu da suka wuce masu su ma sun manta. Duk wannan amana ce, kuma ɗan damfara da ya samu fayil ɗaya irin wannan ya samu abin buɗe asusu ko karɓar bashi da sunan wani. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ma ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe da bayanan mutane. Ka ware fayil guda na aikin rana, in an tashi a goge a kuma zubar da kwandon shara, ka raba asusun da yara ke aiki da shi da naka na mai shago, kar a bar burauza tana riƙe fasuwod ɗin kwastoma, kuma duk wanda ya shiga imel ɗinsa a tabbatar ya fita. Ka sani kuma abin da aka goge ana iya dawo da shi in ba a rubuta wani abu a kansa ba, don haka ranar da za ka sayar da tsohuwar kwamfuta kar ka tsaya a fomat na sama-sama. In akwai mai Windows 7 a cikinsu, tun Janairun 2020 aka daina yi masa afdet na tsaro, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wajen shiga, wannan kuwa tsagarsa ba mai liƙewa kuma.

VPN da mutane suka koya lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, yana ɓoye wa kamfanin layinka shafin da kake shiga, amma mai VPN ɗin shi yana gani, ka ɗauke amana ne daga hannu ɗaya ka sa a wani, kuma na kyautan nan da yawansu da bayananka suke cin abinci. Ba ya hana a san inda wayarka take.

Maganar "ni ba ni da abin ɓoyewa"

Ka ce kai ba ɗan siyasa ba ne ba mai laifi ba, kuma na yarda. Amma Malam ai ba don laifi ake sa labule a ƙofar ɗaki ba. Rashin lafiyar matarka, bashin da ake bin ka, saɓanin da ke tsakanin ƙanwarka da mijinta, babu laifi ko ɗaya a ciki amma ba ka so su fita, mu da muke roƙon Allah rufin asiri kullum mun fi kowa sanin wannan. Addini ma ya hana bin diddigin mutane, yana nan a Suratul Hujurat, kuma a Suratun Nur an ce kar a shiga gidan wani sai da izini da sallama. Waya a yau ta fi ɗaki tara sirrin mutum.

Ban raina hujjar ɗaya ɓangaren ba. Duk wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa aka kira shi ana cinikin kuɗin fansa zai ce a saurari kowa ma in dai za a kama su, kuma bin sawun waya ya taimaka an kama masu laifi, wannan gaskiya ne. Ni ban ƙi a bi wanda ake zargi ba, da izinin alƙali, na ƙayyadadden lokaci, kuma a samu wanda zai tambayi mai sauraren me ya yi da abin da ya ji. Abin da na ƙi shi ne a tara na kowa a ajiye, da kuma kiran da wasu gwamnatoci ke yi na a yi wa enkirifshin ƙofar baya wadda hukuma kaɗai za ta riƙe makullinta. A sana'armu mun san babu irin wannan ƙofar. A Girka tsakanin 2004 da 2005 wasu sun shiga ta na'urar sauraren da aka girka don hukuma suka saurari wayoyi kusan ɗari har da ta firaminista, a 2024 kuma Amurka da kanta ta ce masu kutse da ke da alaƙa da Sin sun shiga manyan kamfanonin wayarta, rahotanni suka nuna har tsarin sauraren da doka ta sa a girka sun taɓa, har jami'ansu suka koma ba jama'a shawarar su riƙa amfani da manhajoji masu enkirifshin. In Amurka ba ta iya tsare irin wannan makullin ba, ka yi tunanin ranar da namu zai faɗa hannun wanda zai sayar da shi.

Duk abin da na lissafa maka ba zai tsayar da hukumar da ta ƙudiri aniyar bin mutum ɗaya da kuɗinta da kayan aikinta ba, kuma ba zai goge sawunka a wajen kamfanin layi ba, muddin waya na kunne a aljihunka an san unguwar da kake. Wanda aikinsa ke jawo irin wannan idon, ɗan jarida ko lauya ko mai fafutuka, shawararsa daban ce, ya kamata ya koma Signal wanda ɗan abin da yake ajiyewa kaɗan ne ƙwarai, da kotun Amurka ta nemi bayanan wani a 2016 ranar buɗe asusu da ranar da aka hau na ƙarshe kawai suka iya bayarwa, sannan ya zauna da masani ido da ido a duba na'urorinsa, ba a amsa irin wannan a rubutu.

Kai kuwa naka ya fi sauƙi. Ka rubuta wa 'yan guruf cewa maganar tik uku ƙarya ce a daina turawa, ka ce kowa ya duba Linked devices ɗinsa yau ya kunna lambar mataki na biyu, masu GB su koma na asali, kuma lambobin da ba a san masu su ba ka bi su ɗaya-ɗaya ka tambaya. Daren yau in ka rufe shago ka zauna a gaban kwamfutar da aka fi aiki da ita ka buɗe fayil ɗin Downloads, ka fara gogewa daga can.